Moda Mai Ratsin Rawaya: Yadda Ake Renonta da Yadda Muka Kusa Kashe ta Malam

Wannan rubutu daga 'yan kulob ɗin jarida na aji biyu ne.

Duk wanda ya bi ta barandar ofishin malamai a wannan zango na uku ya ga tukwane takwas a jere, kowace da wata shuka mai dogayen ganyaye a tsaye kamar takubba. Mutane da yawa sun tare mu da tambaya: me ya sa biyu kawai suke da ratsin rawaya a gefen ganye, sauran shidan kuma babu? Wasu 'yan aji uku har cewa suka yi wai fenti muka shafa wa biyun. Ba fenti ba ne. Amsar tana da tsawo, kuma akwai laifinmu a ciki, shi ya sa muka ga gara mu rubuta ta gaba ɗaya mu manna a bango. Idan an buga ƙararrawa ba ku gama ba, ku dawo lokacin tara ku ƙarasa.

Wace shuka ce wannan?

Masu sayar da shuke-shuke a bakin titi fulawa kawai suke ce mata, kamar yadda suke ce wa komai. Amma Baba mai gadi da ya gan ta sai ya ce, "Ai wannan moda ce, yara. A daji muka san ta." Ku lura, moda muka ce, ba moɗar shan ruwa ba. Ya ce mutanen da suna jeme ganyen irinta su fitar da zare mai ƙarfi, su tuƙa igiya da tsarkiyar baka. Mun gwada da wani busasshen ganye, mun ga zaren kuwa, farare sirara, da ƙyar ake tsinka su da hannu.

Sunanta na kimiyya Sansevieria trifasciata. A shekarar 2017 masana suka mayar da ita cikin dangin Dracaena, don haka a sababbin littattafai za ku ga an rubuta Dracaena trifasciata. Duk abu ɗaya ne. Turawa suna kiranta shukar maciji saboda zanen da ke jikinta, wasu kuma suna ce mata harshen suruka saboda tsawo da tsini. Da Malam ya faɗi wannan sunan sai da ajin ya ɗauki minti biyar yana dariya.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne asalinta. Mun ɗauka daga Turai aka kawo ta, tunda a ofisoshi da bankuna da otal muke ganinta. Ashe 'yar Afirka ce, asalinta daga kudancin Najeriya har zuwa ƙasar Kwango. Daga nan aka kwashe ta zuwa sauran duniya. Mai ratsin rawayar ana kiranta Laurentii, daga sunan wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Beljiyam, Emile Laurent, wanda ya yi tafiye-tafiyen tattara tsirrai a Kwango, ya rasu a 1904.

Moda tana cikin shuke-shuke masu ajiye ruwa a jikinsu. Muna da irinsu da yawa a ƙasar Katsina, sai dai ba mu cika kula da su ba. Akwai aguwa da ake shinge da ita a gonaki, akwai kariya mai furen ja da kututture kamar tulu, akwai alobera da iyayenmu mata ke shukawa a tsakar gida. Ita kariya a gangar jikinta take ɓoye ruwa. Moda da alobera kuwa a ganye. Ku taɓa ganyen moda ku ji kaurinsa, sannan ku taɓa na bedi, za ku gane bambancin ba sai an yi muku bayani ba.

Yadda muka ɓata ta

A watan Mayun bara, muna aji ɗaya, Malaminmu na darasin noma ya zo da tukunya guda a bayan babur ɗinsa. Moda ce mai ganye goma sha ɗaya, kowane da ratsin rawaya a gefe biyu. Ya ce shekararta tara a hannunsa, kuma daga gidan mahaifiyarsa ya ɗauko ta bayan rasuwarta, Allah ya ji ƙanta. Ya ce zai bar mana ita amana, aikinmu shi ne mu rene ta mu yawaita ta har ta cika barandar ofis, kuma zai ba da maki a kai. Ya ce za mu yi darasin yadda ake yi bayan jarrabawa, kafin nan kada mu taɓa komai, mu riƙa duba ta kawai.

Mu kuwa zumuɗi ya hana mu jira. Mu goma sha biyu muka zauna muka rubuta jadawali, kullum da mai ba ta ruwa, safe da lokacin tashi. Bayan sati biyu muka ga ba ta ƙara ko ganye ɗaya ba, sai muka yanke shawarar cewa tukunyar ce ta yi mata kaɗan. Muka samo babban bokitin fenti na roba, muka cika shi da baƙar ƙasa mai laka daga bayan famfo, muka haɗa da ɗanyen kashin shanu, muka mayar da ita ciki. Ko ƙusa ba mu huda gindin bokitin da ita ba. Lokacin Malam yana can wajen aikin sa ido a jarrabawar manyan ɗalibai, bai ga abin da muka yi ba. Da aka zo hutun ƙarshen shekara, sai wani daga cikinmu (mun yi alkawari ba za mu faɗi sunansa ba) ya kawo dabarar a ajiye bokitin a ƙarƙashin indararo, wai don ta riƙa shan ruwan sama tunda babu mai ba ta. Dukanmu muka ce wannan dabara ta yi.

Kowa ya san yadda Agusta take a Katsina. Ita ce watan da ruwa ya fi yawa a duk shekara. Bokitin nan ya yi sati shida yana cika yana batsewa.

Ranar da aka dawo hutu a Satumba, tun daga nesa muka ga ganyaye bakwai sun kwanta. Da muka ja ɗaya sai ya zare a hannunmu ba wuya, gindinsa ya yi laushi kamar dafaffiyar kuɓewa, ga wari kamar na kwata. Babu wanda ya yi magana. Garin neman gira mun rasa ido. Mun fi minti goma muna tura juna kafin monita ta yi ta maza ta je ta kira Malam.

Bai yi mana faɗa ba, kuma wallahi da ya yi da ya fi mana sauƙi. Ya tsuguna ya daɗe yana kallon bokitin, sannan ya ce, "Ku kawo mini wuƙa da tsohuwar jarida. Mu ga abin da ya rage."

Me ya sa ruwa ke kashe ta?

Wannan shi ne babban darasin, don haka za mu daɗe a kansa.

Saiwar shuka ma tana numfashi. Tsakanin ƙwayoyin ƙasa akwai ƙananan ramuka da iska ke zama a ciki, daga nan saiwa take samun iskar oksijin. Idan ruwa ya cika ramukan ya zauna kwana da kwanaki, iskar ta ƙare, saiwar ta shaƙe ta mutu. Daga nan ƙwayoyin cuta da ke son danshi su shiga su ruɓar da ita, ruɓar ta hau sama har gindin ganye. Shinkafa tana iya zama cikin ruwa saboda an halicce ta da hanyoyin iska a cikin jikinta. Moda ba haka take ba. Ita an halicce ta ne don jure fari.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne, shukar da saiwarta ta ruɓe tana yin yaushi kamar mai jin ƙishi, tunda babu saiwar da za ta ja mata ruwa. Sai mai ita ya ga ta yi yaushi ya ƙara mata ruwa, ya ƙarasa ta. Don haka idan kuka ga ganye ya langaɓe, ku fara taɓa ƙasar tukuna. Idan a jiƙe take, matsalar ba ƙishi ba ce.

Akwai kuma wata hikima a jikin moda da ta sa ba ta buƙatar ruwa da yawa. Kowane ganye yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan iskar kabon dayoksaid take shiga, ta nan kuma ruwa yake fita ya bi iska. Yawancin shuke-shuke da rana suke buɗe ƙofofin, shi ya sa masara take nannaɗe ganye idan rana ta take. Ita moda da rana rufe nata take yi. Sai dare ya yi, gari ya yi sanyi, sannan ta buɗe ta ja iskar ta adana a jikinta. Da gari ya waye sai ta yi amfani da ajiyar da hasken rana ta haɗa abincinta, ƙofofi a rufe. Abarba da alobera ma haka suke yi. Wani ɗan ajinmu ya ce ashe sahur take yi. Malam ya yi murmushi ya ce misalin bai yi nisa da gaskiya ba. Wannan tsarin yana tattalin ruwa ƙwarai, amma yana sa girma ya yi jinkiri. Ke nan rashin sabon ganye cikin sati biyu da ya tayar mana da hankali ba ciwo ba ne, ɗabi'arta ce.

Yanzu ga yadda muke yi. Muna da tsinken tsire guda a kowace tukunya. Kafin a ba da ruwa sai a soka shi har ƙasa a zaro. Idan ya fito da danshi ko ƙasa ta manne masa, a bar ta. Idan ya fito a bushe ƙayau, sai a zuba ruwa sosai har ya riƙa fita ta ramin gindi, a bari ya tsane, shi ke nan. Ba a yayyafa kaɗan-kaɗan kullum. A lissafin da muka rubuta a littafinmu, lokacin bazara, wato Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40, ƙasar takan bushe cikin kwana bakwai zuwa goma. Da hunturu mun yi sati uku ba mu ba su ba, ba abin da ya same su. Wannan lissafin na barandarmu ne da tukwanenmu, na gidanku zai iya bambanta, tsinken ne zai gaya muku gaskiya. Kuma a gefen tukunya ake zuba ruwa. Idan ya taru a tsakiyar ganyayen, inda sabo yake fitowa, nan ma ruɓa take farawa.

Abin da muka ceto

Malam ya juye bokitin a kan jarida. A ƙarƙashin ƙasa moda tana da wani kututture da ke tafiya a kwance, mai kama da ɗanyar citta, launinsa ja-ja kamar karas. Daga jikinsa ganyaye da saiwoyi suke fitowa. Yawancinsa ya zama baƙi ya narke. Malam ya riƙa yankewa yana zubarwa har ya kai inda cikin yake fari tas da tauri. Guda biyu kacal suka tsira, kowane bai fi tsawon yatsa ba, ɗaya da ganye biyu a jikinsa, ɗayan da ganye ɗaya. Duk yanka ɗaya sai ya goge wuƙar ya kara ta a wutar ashana, don kada ya ɗauki cuta daga ruɓaɓɓen wuri ya kai mai lafiya. Ya barbaɗa garin gawayi a bakin yankan, ya ce a ajiye su a inuwa kwana uku su bushe kafin a shuka.

Sai ganyayen da suka faɗi. Gindinsu ya ruɓe amma samansu lafiya lau. Muka tambayi Malam ko za a iya shuka su. Ya ce za a iya, za su tsiro. Muka ce da ratsinsu? Ya ce, "Ku shuka ku gani, sannan ku zo ku gaya mini." Mun lura ya ɗan yi murmushi, amma ba mu kawo komai a ranmu ba.

Ga yadda ake yankan ganye, ga mai son gwadawa. A yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace kamar santimita 8 zuwa 10. Dole a san ina ne sama ina ne ƙasa, domin idan aka kifa ta ba za ta yi saiwa ba. Mu da biro muka yi kibiya a jikin kowace. A bar su kwana biyu ko uku a inuwa har bakin yankan ya bushe ya yi ɓawo, sannan a soka ɓangaren ƙasa cikin yashi mai ɗan danshi, zurfin gaɓar yatsa ɗaya. Mun shuka gunduwa 20. Shida sun ruɓe, biyar sun bushe. Tara sun yi saiwa wajen ƙarshen Nuwamba, mun san haka ne domin da muka ɗan ja su a hankali sai muka ji sun riƙe ƙasa. Daga nan shiru har hunturu ya wuce. Gunduwar kanta ba ta ƙara tsawo, ko da za ta shekara. Abin da ake jira shi ne ɗan tsiro ya ɓullo daga gefenta.

A watan Maris na farko ya leƙo. Muka yi ta murna har da tafi. Kafin ƙarshen Afrilu shida sun fito. Amma da suka buɗe ganye sai murna ta koma ciki. Babu ratsin rawaya ko a ɗaya. Ga uwar gunduwar nan a gefe da ratsinta raɗau, ga ɗanta kore. Su kuwa guntayen kututturen nan biyu, kowane ya fitar da ɗa mai ratsi sak irin na uwar.

Ina rawayar ta tafi?

Mun koma wajen Malam kamar yadda ya ce. Ya ɗauki alli ya zana mana, mu kuma ga yadda muka fahimta.

Abin da ke sa ganye ya zama kore wani sinadari ne mai suna kulorofil. Shi ne yake kama hasken rana don a haɗa abinci. Wurin da yake rawaya a ganyen moda, ƙwayoyin halittar wurin ba sa iya yin wannan sinadari yadda ya kamata. Ke nan a jikin shuka ɗaya akwai ƙwayoyi iri biyu suna zaune tare, masu kore da marasa kore.

A kan kututture akwai ido, wato wurin da sabon tsiro yake fitowa. A cikin idon nan ƙwayoyin suna jere ne hawa-hawa kamar ɓawon albasa. Hawan da ba shi da kore shi yake gina gefen ganye, na can ciki mai kore shi yake gina tsakiya. Duk ɗan da ya fito daga idon kututture ya gaji wannan jerin yadda yake, shi ya sa yake zuwa da ratsi. Gunduwar ganye kuwa ba ta da ido. Dole ta ƙirƙiri sabo daga ƙwayoyin da ke bakin yankan, kuma yawanci daga koren ɓangaren yake tasowa. Sabon idon duk ƙwayoyinsa kore ne, jerin ya rushe, ratsi ya tafi.

Wata 'yar kulob ɗinmu ta tambaya, to idan tsiron ya fito daga ɓangaren rawaya fa? Malam ya ce yakan faru jefi-jefi, sai a sami ɗa fari ko rawaya gaba ɗaya. Yana da kyau a ido, amma ba ya iya ciyar da kansa, da zarar abincin da ke cikin gunduwar ya ƙare sai ya mutu. Wannan ne ma dalilin da ya sa mai ratsi ta fi korayen jinkirin girma: wani ɓangare na ganyenta ci kawai yake yi, ba ya aiki. A barandarmu ma korayen har sun fara wuce masu ratsin tsawo, alhali sun fi su ƙuruciya.

Kada ku rikita abu biyu. Idan kuka matsa kusa da korayen shidan za ku ga wani zane mai ruwan toka yana ratsa ganyen a kwance, kamar jikin maciji. Wannan zanen na asalin shukar ne, kowace tana da shi, kuma yankan ganye ba ya ɓatar da shi. Ratsin rawaya na gefe, mai tafiya daga ƙasa zuwa sama, shi ne kaɗai yake ɓacewa.

Saboda haka mai son ya yawaita mai ratsi hanya ɗaya gare shi: ya jira ta yi 'ya'ya a gefe, ɗan ya kai kamar tsawon tafin hannu, sannan a zare shukar daga tukunya a raba kututturen da wuƙa mai tsabta, kowane ɓangare da ganyensa da 'yan saiwoyinsa. Wannan ne darasin da Malam ya so ya koya mana bara da muka ƙi jira. Wani abin da ya sa muka yi shiru muna tunani shi ne da ya ce mana, tunda ta haka ake yaɗa ta, masu ratsin da ake gani a duniya an yi ta raba su ne hannu zuwa hannu fiye da shekara 100. Ta mahaifiyarsa ma wani ne ya yanko mata.

Haka kuma idan wata rana mai ratsi ta fitar da ɗa kore zalla, a raba shi a ba shi tukunyarsa. Idan aka bar shi zai fi sauran ƙarfi ya mamaye wurin.

Tukunya da ƙasa

Tukunyar ƙasa ta fi ta roba, domin jikinta yana tsotse danshi ya fitar, kamar yadda randa take yin gumi. Namu ƙananan tukwane ne da muka haɗa kuɗi muka sayo a kasuwa, Baba mai gadi ya huda mana gindinsu da ƙusa a hankali bayan ya jiƙa su. Ɗaya ta fashe. Idan roba ko gwangwani kuke da shi ba laifi, amma a yi masa ramuka huɗu ko biyar, kuma kada a ɗora shi a kan faranti mai riƙe ruwa. Kada tukunyar ta yi girma da yawa. Ƙasa mai yawa tana daɗewa ba ta bushe ba, moda kuma ta fi son matsi. Takan cika tukunya har kututturen ya tsaga ta, to a lokacin ne ake canja mata.

Haɗin ƙasarmu: kwano biyu na yashi mai tsakuwa irin na gini, kwano ɗaya na ƙasar gona, rabin kwano na tsohon takin awaki wanda ya riga ya ruɓe ya zama gari, da ɗan dakakken gawayi. Gwajinsa mai sauƙi ne. A jiƙa a dunƙule a hannu, idan aka buɗe hannu ya wargaje, ya yi. Idan ya zauna kamar curin fura, laka ta yi yawa, a ƙara yashi. A nan Katsina mun yi sa'a, yashi ba abin nema ba ne. Ɗanyen kashin dabba kuwa a guje shi, yana ƙona saiwa yana kuma jawo gara. Saboda garar ce muka ɗora tukwanenmu a kan bulo.

Haske da ƙura

Ana cewa moda tana rayuwa ko a ɗaki mai duhu. Gaskiya tana daɗewa ba ta mutu ba, amma ba ta girma, ganyen ya sirance, launin ya dushe. Mai ratsi ta fi bukatar haske tunda koren nata kaɗan ne. Sai dai ranar tsakar rana ta watan Afrilu tana ƙona ta, kuma gefen rawayar ne yake fara ƙonewa ya zama ruwan ƙasa kamar takardar da aka kara a wuta. Wurin da ya ƙone ba ya dawowa. Barandarmu gabas take kallo, suna samun ranar safe zuwa wajen ƙarfe goma, daga nan inuwa. A gida, bakin taga ko ƙarƙashin rumfa ya isa. Duk sati muna juya tukwanen don kada su karkata gefe ɗaya.

Da hunturu ƙura takan rufe ganyen har ratsin ya daina fitowa. Tsumma mai ɗan danshi ake sa wa a goge, a tallafe ganyen da ɗaya hannun. An ce mana wasu suna shafa man gyaɗa don ya yi ƙyalli. Kada ku yi, ƙura yake kamawa ya toshe ƙofofin numfashi. A kula da tsinin saman ganye, idan ya karye ganyen yakan daina tsawo. Sau ɗaya mun ga wasu fararen ƙwari kamar auduga a lungun ganye, muka goge su da tsumma da ruwan sabulu kaɗan, bayan sati muka sake, ba su dawo ba.

Ganyen yana da wani sinadari da ke sa amai da gudawa idan an tauna, don haka a nisanta shi da ƙananan yara da kyanwa. Kariya kuwa ta fi haka haɗari, ruwan jikinta guba ne, wanda ya taɓa ya wanke hannu.

Maganar tace iska

Da muke neman bayani a wayar yayan ɗaya daga cikinmu, mun ga ana ta yaɗawa a Facebook cewa moda guda ɗaya tana tace iskar ɗaki gaba ɗaya. Mun kai wa Malamar kimiyya. Ta ce asalin maganar wani gwaji ne da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta fitar a 1989, kuma moda mai ratsi tana cikin shuke-shuken da aka gwada. Amma a cikin rufaffun akwatuna aka yi gwajin, ba a ɗaki mai ƙofa da taga ba. A ɗaki irin namu, buɗe taga ya fi tukunya ɗaya aiki nesa ba kusa ba. Mu dai don kyanta muke renonta, da kuma amanar da aka ba mu.

Inda aka kwana

Malam ya ba mu 14 cikin 20. Ya ce makin bayanin da muka rubuta a littafi ne da haƙurin wata takwas, shidan da ya cire kuma na bokitin fenti ne. Babu wanda ya yi gardama. Tukwane takwas sun cika kamar yadda aka ce, sai dai biyu ne kawai irin ta mahaifiyarsa. Mun roƙe shi ya mayar da ɗaya gida, ya ce sai ta yi ɗa na biyu tukuna. A lissafinmu, idan kowace ta ba mu ɗa ɗaya ko biyu a shekara, ba za mu mayar masa da ganye goma sha ɗayansa ba sai muna aji uku, wataƙila ma sai mun shiga babbar sakandare.

Damina ta kusa, hutu ma ya kusa. Bana tukwanen za su zauna can cikin baranda inda feshin ruwa ba ya kaiwa, za mu ba su ruwa ranar da za a tashi, Baba mai gadi kuma ya yarda zai soka tsinke sau ɗaya a tsakiyar hutu. Roƙonmu ga 'yan'uwa ɗalibai shi ne, don Allah a daina juye ragowar ruwan leda a cikin tukwanen idan an zo wucewa. Mun san da kyakkyawar niyya ake yi, amma ranar Talatar da ta wuce mun tarar da tukunya ta uku a jiƙe sharkaf, kuma ba mu muka ba ta ba. Wanda yake son koriyar, akwai gunduwa uku da ba su fitar da 'ya'ya ba tukuna, ya zo ya rubuta sunansa wajen sakataren kulob ranar Alhamis bayan an tashi, ya taho da tukunyarsa hudajjiya.